Harafi Ɗaya a Ƙasan Zanen 'Yata

Ƙarshen sanyi ne, lokacin da ƙanƙarar da ta zuba ta daina zama fara, ta koma baƙi-baƙi a gefen titi, ta narke da rana, ta sake daskarewa kafin gari ya waye. A shekarar nan ba wani mugun abu da ya same mu, alhamdu lillahi. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya kashewa. Ina aikin kula da wata tsohuwa a gidanta a unguwar Flatbush, a nan Amurka, mu kuwa muna zaune a unguwar Highbridge, a bene hawa na biyar. Bas ɗaya, jirgin ƙasa biyu, in na dawo kuma in hau tudun unguwarmu da ƙafa, sannan matakala, don lif ɗin gidan in ya yi aiki kwana biyu sai ya huta biyar. Maigidana direba ne, yawancin yininsa a filin jirgin sama na JFK yake ƙarewa, yana layi yana jiran fasinja. In mun haɗu, sannu ce da sannu.

'Yarmu ɗaya ce a raye, ita ce kuma ta fari. A lokacin shekarunta goma sha biyar. Tana da biyar muka zo da ita, bakinta cike da Hausa, har tsiwa take yi wa kakarta da ita. Makaranta ce ta shanye Hausar a hankali. Ji kam tana ji sarai. In na ce ta sauke tukunya za ta sauke, amma amsar da Turanci za ta zo. Ni kuwa Turancina na aiki ne: ci abinci, sha magani, tashi a hankali. Bai isa a yi hira da budurwa ba. Sai muka zama kamar 'yan haya biyu masu ganin mutuncin juna.

Abin ya fi damuna ne saboda tsohuwar da nake kula da ita. Ita ma daga wata ƙasa ta zo tun tana matashiya. Da tsufa ya kama ta sosai, sai Turancin ya zube mata, ta koma yaren da aka yi mata goyo da shi. 'Ya'yanta kan zo ranar Lahadi su zauna a gabanta, tana magana suna kallon juna. Ni ma ba na jin abin da take cewa, amma ni ba ita ta haife ni ba. Kullum in ina shafa mata mai a ƙafa sai in ga kaina a kujerar nan.

Yarinyar tawa zane take yi. Irin na fentin da ake jiƙawa da ruwa, wotakala take ce masa. Tana da wani ɗan akwatin ƙarfe mai launuka a jere kamar alewa, da burushi uku, da kwalbar da muka gama shan zumarta. A teburin kicin take yi, ni ina tsintar wake a ɗaya gefen, ina satar kallo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne takardar take fara jiƙawa da ruwa zalla, babu launi. Na ce mata, "Ke, za ki lalata takarda." Ta ce in jira. Sai ta ɗiga shuɗi da bakin burushi, shuɗin ya kama tafiya da kansa, yana buɗewa kamar shuni in an jefa shi a ruwan wanki. Ba ta kora shi ba, ba ta tare shi ba. Ta naɗe hannu tana jira ya tsaya inda ya ga dama. Ban taɓa ganin aikin da rabinsa jira ne ba, sai ko rini.

Wata Asabar na dawo da la'asar, ban ko cire takalmi ba, ta miƙo mini wata takarda mai kauri, ta juya za ta shige ɗaki. Na riƙe takardar nesa da ido, don tabarauna yana cikin jaka.

Wani tafki ne da yamma, da ganyen bado shimfiɗe a kansa. A kan ganyayen akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin mutane, kowa bai fi tsawon yatsa ba, da fukafukai irin na mazari. Fatarsu irin tamu. Ɗaya na barci a cikin fure, ta sa hannu ƙarƙashin kunci. Ɗaya ta zauna kan lemar kwaɗi tana yi wa 'yar'uwarta kitso, wadda ake yi wa ta ɓata fuska, kamar yadda yara ke yi in an ja musu gashin ƙeya. Ɗaya na riƙe da fitila. Can gefe, inda ruwan ya haɗu da sama har ba a gane iyakarsu, akwai wata 'yar ƙarama ƙwarai wadda ba a fitar mata da fuska ba.

A ƙasa kuma an yi rubutu da burushi. Na nemo tabarau, na bi shi harafi-harafi kamar yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci: Aljanna.

Wannan ce kalmar Hausa ta farko da na ga ta rubuta da hannunta.

Na ce, "Allah ya yi albarka." Iyakar abin da na ce ke nan. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar tana jiran ƙari, sannan ta shige.

Na san ba wanda ya san kamannin Aljanna. Amma na ce a raina yarinya ce, abin da ta ji muna roƙo kullum shi ta kwatanta. Su kuma ƙananan nan ban yi wahalar gane su ba. Na sha ji a wa'azi cewa yaran da suka rasu ba su san zunubi ba suna can, suna yawo inda suke so. Ƙanwarta wata biyu ta yi a duniya, can gida, tun kafin mu taso. Ko hotonta ba mu da shi. Na dubi 'yar ƙaramar nan marar fuska, na ce ga ta nan.

Babanta ya duba da safe yana ɗaure igiyar takalmi, ya ce, "To, kada dai a sa shi ta inda ake fuskanta in za a yi salla." Na buga ƙusa a bangon falo, daura da kujerata.

Daga nan na samu wurin sauke gajiya. In na hau matakalar nan na shigo, sai in zauna da rigar sanyina a jiki, in dube shi kafin in shiga kicin. Sannu a hankali na fara ganin abin da ban gani ba da farko. Farin da ke cikin fukafukan ba fenti ba ne, takardar ce aka bari ba a taɓa ba, aka zagaye ta da launi. Hasken fitilar ma haka. Wato tun kafin ta fara ta san inda ba za ta taɓa ba. Inda ruwa ya taru ya bushe, ya bar ɗan layi mai duhu a baki-baki, irin shatar da ruwan sama ke bari a jikin katanga. Akwai inda shuɗi da rawaya suka gamu suna jiƙe, suka haifi kore, kuma ba hannunta ne ya gauraya su ba. In rana ta sauko ta tagar falo, ruwan tafkin ya yi ja-ja. In an kunna lantarki ya koma toka-toka, kamar sanyi ya sauka a wurin. Da farko ƙananan mutanen nan bakwai na ƙirga. Bayan sati biyu na gano ta takwas, ta ɓuya a bayan wani kara, ƙafarta kaɗai ta fito. Na yi dariya ni kaɗai a falo.

A kwanakin nan ne yarinyar ta fara wani abu. Na kira ta daga kicin, maimakon ta amsa da Turanci sai na ji "Na'am." Wata rana na shigo da kaya, ta karɓa, ta ce, "Sannu da zuwa," ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada kalmar ta fashe. Na amsa "Yauwa" ban ɗaga kai ba, don kada in tsorata ta.

Sai bayana ya riƙe, na kwanta kwana uku. Ranar Lahadi bayan azahar mata biyu suka zo dubiya. Ɗaya Hajiya ce, 'yar Nijar, ta girme ni, tana da shagon turare da atamfa a ƙasan tudu. Ɗaya kuma nas ce, Bakanuwa, ƙanwa take a wurina, mai yawan raha. Yarinyar ta kawo musu ruwa da lemo, ta durƙusa ta gaishe su da Hausa, Hajiya ta ce, "A'a, yau bakin ya buɗe?"

Ana cikin hira idon Hajiya ya kai bango.

"Wanga hoto fa, wa ya yi shi?"

Na ce, "Yarinyar nan ce take 'yan jagwalgwalonta."

"Mi ta rubuta nan ƙasa? Ni ban yi lakwal ba, ban iya karatun boko ba."

Nas ɗin ta tashi da kofi a hannu, ta matsa kusa. Ta karanta, ta dubi zanen, ta sake karantawa. Sai ta juya ta tambayi yarinyar wani abu da Turanci. Yarinyar ta amsa, na tsinci kalma ɗaya, feri. Nas ɗin ta ajiye kofin don kada ya zube.

"Yaya, kin san su wa kika rataye a falonki?"

Na ce, "Ai ga shi nan a rubuce."

"Aljanu ne fa. Na tatsuniyar Turawa. Su nasu haka suke, ƙanana masu fukafukai, suna zama cikin furanni. Aljana take son rubutawa, ta ƙara harafi ɗaya, ta kai ki Aljanna ba hisabi."

Hajiya ta janye ƙafarta daga saitin bangon. "A'uzu billahi. Ki daina kiran sunansu, ki ce mutanen ɓoye. Ke kuma kina nan kina neman abin da ya riƙe miki baya, alhali kin ba su masauki a falo."

"Hajiya, waɗannan 'yan Amurka ne, ba sa hawa kan kowa sai da takardar izini," in ji nas ɗin.

Yarinyar ta shiga yin bayani da sauri, nas ɗin tana mayar mana da Hausa tana share hawayen dariya. Wai ta nemi kalmar a waya, wayar ta ba ta aljana. Sai ta ga ai ta san kalmar, kullum tana jin ina cewa Allah ya sa Aljanna ce makomarmu, kuma ta ji yadda nake danna tsakiyarta. Ta ɗauka wayar ce ta yi kuskure, ta gyara mata. A zatonta kalma ɗaya ce, sunan wurin ne kuma sunan mazaunansa.

"Zo nan, 'yata," in ji nas ɗin. "Ce aljana."

Ta faɗa.

"To ce Aljanna."

Ta faɗa. Duka biyun iri ɗaya suka fito. Suka kwashe da dariya, Hajiya har da tafawa. Ba mugunta suke yi ba, na san su. Haka muke yi wa junanmu, haka aka yi mana. Amma yarinyar ba su take kallo ba, ni take kallo.

Na san abin da take jira. Sai dai mu yadda aka rene mu, uwa ba ta shigar wa 'yar fari a gaban mutane. Ba ta yabonta, ba ta kare ta, ko sunanta ba ta kamawa. In an yabe ta ki kushe, in an yi mata tsiya ki taya, kowa a wurin ya san abin da ke cikinki. Uwata ba ta taɓa cewa yayarmu ta iya wani abu ba, kuma duk gari an san ita ce ranta. Wannan kunyar ce ta riƙe mini harshe. Na sunkuyar da kai, na yi 'yar dariya, na ce, "Ai ba ta iya komai ba, sai ɓarnar takarda."

Yarinyar ta kwashe kofuna ta shiga kicin. Da za su tafi Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in cire zanen, za ta aiko mini da turaren hayaƙi.

Na raka su zuwa kan matakala ina dafa bango. Kafin in dawo yarinyar ta sauke zanen, ta shimfiɗa shi a teburin kicin, tana goga rubutun da jiƙaƙƙen burushi. Fentin nan in an jiƙa shi yana tashi, amma ba ya tashi duka. Ta yi ta gogawa har takardar ta fara murmushewa, wurin ya zama wani tabo ruwan toka.

Na ce, "Ke, bari mana."

Ta yi magana da Turanci, a hankali, kalma-kalma, yadda nake yi wa tsohuwar nan, don ta tabbata na gane. Ta ce me ya sa ban gaya mata ba tun ranar farko.

Na ce, "Ni ma ban sani ba."

Ta ce amma na yi dariya.

Yaya zan fassara mata kunya da Turancin sha magani?

Ta ce ba komai. Ta ce ba za ta ƙara ba, Hausarta ta ba mutane dariya ce. Ta wanke burushinta, ta zubar da ruwan kwalbar, ta cusa zanen a cikin tsofaffin takardun da muke tarawa bayan ƙofa don a fitar. Da na kira ta cin abinci bayan magariba, da Turanci ta amsa.

Ba zan ɓoye ba, tsoron ya ɗan shige ni. Ni da aka hana zubar da ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, aka hana zama a bakin ƙofa da almuru, yau a ce na yi wata guda ina kallon aljanu ina samun sanyi a rai. Ga kuma 'yar ƙaramar nan da na riƙa yi wa kallon tawa. Ashe yarinyar ba ta ma san na yi wannan tunanin ba. Na ji kamar an sake karɓe ta daga hannuna, kuma ba wanda zan gaya wa, don ba wanda ya ba ni ita tun farko.

Ina wanke kwanoni sai na tuna wata mata a ajinmu na yaƙi da jahilci. Dukanmu matan aure ne, muna zuwa da goyo. Malama ta sa ta rubuta a allo dalilin da ya hana ta yin karatu da wuri. Tana son ta rubuta kulle, ta rubuta kule. Wata daga baya ta ce ashe mage ce ta tsare ta a gida. Muka yi ta dariya, har da ni. Ita ma ta yi. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Bayan shekaru na gamu da ita a asibiti, ta miƙo mini katinta in duba mata ranar da aka ce ta dawo. Wannan matar ta fi tsaya mini a rai fiye da maganar Hajiya.

Da asuba bayan na yi salla, ciwon bayan nawa ya ɗan saki, ranar ce kuma zan koma aiki. Babanta ya riga ya fita. Ita tana barci. Na je bayan ƙofa na zaro zanen daga cikin takardu. Gefe ɗaya ya lanƙwashe, na danne shi da tafin hannu a kan cinyata. Na dube su da kyau da hasken kicin. Ruwa ne da launi da takarda, da haƙurin yarinya mai shekara goma sha biyar. Na yi bisimilla na mayar da shi kan ƙusarsa, da tabon da komai.

Sannan na yago takarda daga littafin da nake rubuta lokutan maganin tsohuwa, na zauna a teburin. Rubutuna ba ya sauri, layi huɗu sun ci mini kusan rabin awa. Na rubuta mata cewa zanenta yana da kyau, ban taɓa mallakar abu mai kyansa ba. Na rubuta cewa ba na iya faɗin haka a gaban mutane, haka aka rene ni, ta yi haƙuri. A ƙarshe na rubuta: Me kike so a dafa yau? Rubuta mini a nan. Na ja layi a ƙasa, mai tsawo, don ya ishe ta.

Na ɗora takardar a kan akwatin fentinta, na ajiye fensir a gefe. Na sa rigar sanyi, na ja ƙofar a hankali. Lif ɗin bai tashi ba, na bi matakala ina riƙe da ƙarfe. Ina isa ƙasan tudu bas ɗin farko yana tashi, na tsaya jiran na biyu.